BABI NA UKU: TARIHIN GANE MAI AIKE, DAGA HATIMIN SARAKUNA ZUWA SA HANNUN KWAMFUTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ƙasar Karaye da Rogo, da garin Gwangwan, da sana'o'in mutanen wannan yanki. A wannan babi kuwa za a dubi wata tsohuwar matsala wadda ta dami sarakuna da alƙalai da fatake tun kafin zuwan Turawa, wato yadda wanda aka kawo wa saƙo zai tabbatar da cewa lalle daga wanda aka ce ya aiko saƙon ya fito, kuma ba a sauya komai a cikinsa a kan hanya ba. Za a bi tarihin wannan matsala daga hatimi zuwa dangwalen yatsa, sannan a gangaro zuwa ga hanyar da ta bayyana a zamanin kuɗin intanet, inda kwamfuta take iya ciro shaidar mai aike daga cikin sa hannun da ya yi, ko da bai rubuta sunansa ba. Dalilin haɗa waɗannan abubuwa wuri guda shi ne, samarin yankin da ake nazari sun shiga hada-hadar wannan kuɗi ta wayoyinsu, alhali ƙa'idojin shaida da iyayensu suka gada an gina su ne a kan takarda da tawada da idon mutum. In an sami saɓani tsakanin mutum biyu a kan kuɗin da aka tura, dagaci ko alƙali ne zai zauna a kai, don haka ya kamata a san abin da wannan sabuwar shaida take iya tabbatarwa da abin da ba ta iyawa.

3.1 Asalin Hatimi

Kalmar hatimi ararriya ce daga Larabci, inda take nufin zoben da ake buga wa wasiƙa in an gama rubuta ta. Hausawa sun yi amfani da ita ta fuska biyu, wato tambarin da sarki yake bugawa a takarda, da kuma zanen gida-gida da malamai suke yi a cikin laya ko a kan allo. Ma'anar farko ce ta shafi wannan nazari.

Malaman tarihin Musulunci sun ruwaito cewa lokacin da Annabi Muhammadu (SAW) ya yi nufin rubuta wa sarakunan Rum da Farisa wasiƙu, an gaya masa cewa waɗannan sarakuna ba sa karanta takardar da ba ta da hatimi. Saboda haka aka ƙera masa zoben azurfa mai ɗauke da sunansa da matsayinsa na Manzon Allah. Wannan zobe ya koma hannun Sayyidina Abubakar, daga shi sai Sayyidina Umar, sannan Sayyidina Usman, wanda a zamaninsa ne zoben ya faɗa rijiyar Aris a Madina, aka yi ta nema ba a gan shi ba, sai wani aka ƙera. A ƙarshen halifancin Sayyidina Usman, a shekara ta 35 bayan Hijira (656 Miladiyya), aka ga babban raunin hatimi. Mutanen Masar da suke komawa gida daga Madina sun tare wani ɗan aike ɗauke da wasiƙa zuwa ga gwamnansu, mai umurnin a hukunta su, kuma da hatimin Halifa a jikinta. Halifa ya rantse cewa bai rubuta ba, bai sa a rubuta ba. Hatimin dai nasa ne, amma hatimi ba ya iya faɗin hannun da ya buga shi. Abin da ya biyo bayan wannan wasiƙa sananne ne ga duk mai karatun tarihi. Daga baya Mu'awiya ɗan Abu Sufyan ya kafa ofishi na musamman na hatimi, bayan da wani da aka rubuta a ba shi dirhami dubu 100 ya buɗe takardar a hanya ya mayar da adadin dubu 200. Daga nan aka riƙa ajiye kwafen kowace wasiƙa, a naɗe ta, a ɗaure, a liƙe.

Waɗannan labarai biyu sun nuna hanyoyi biyu da ake cin amanar saƙo. Ko dai a yi amfani da hatimin gaskiya ba da sanin mai shi ba, ko kuwa a bar hatimin yadda yake a sauya abin da ke ƙarƙashinsa. Za a sake cin karo da su duka a gaba.

3.2 Hatimi a Daular Sakkwato da Masarautar Kano

Daular da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya kafa daula ce ta takarda. Faɗinta ya kai yadda Sarkin Musulmi ba zai iya ganin sarakunansa ba sai daga lokaci zuwa lokaci, don haka naɗi da tuɓewa da kiran yaƙi da neman bawan da ya gudu da rabon gado mai rikici, duk ta wasiƙar Larabci ake yin su. Gidan Waziri, tun daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima na zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ne ke kula da wasiƙun da ke tsakanin Sakkwato da manyan masarautun gabas, ciki har da Kano da Zazzau. A. D. H. Bivar, a cikin maƙalarsa ta 1959 a kan takardun Larabci na Arewacin Nijeriya, ya yi nazarin fasalin irin waɗannan wasiƙu da hatiman da ke jikinsu. Ana buga hatimin da tawada a saman takarda, ɗauke da sunan mai shi da addu'a. Da yawa daga cikin wasiƙun ba su da kwanan wata, wanda hakan ya wahalar da masu tarihi ƙwarai wajen jera su.

To amma ba hatimi kaɗai ake dubawa ba. Magatakardan fada ya san rubutun takwaransa na ɗaya fadar, ya san yadda ake jera gaisuwa da laƙabin da ya dace da kowane sarki. Sama da haka duka akwai shi kansa manzon da ya kawo takardar. Kowace masarauta tana da sanannun jakadu, kuma sau da yawa ainihin maganar tana bakin jakada, takarda kuwa shaida ce kawai cewa a saurare shi. Haka abin yake tsakanin birnin Kano da manyan garuruwanta irin su Karaye, inda saƙon Sarki yake isa ta hannun jakadan da aka saba da fuskarsa. Ke nan shaidar mai aike ta ginu ne a kan abubuwa uku da suke tallafar juna, wato ƙarfe da rubutu da mutum. A ɓangaren shari'a ma, malaman mazhabar Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa suke bi sun karɓi shaida a kan rubutun hannu, wato adilai su zo su ce sun san wannan rubutun wane ne, kuma sun yi dogon bayani a kan sharuɗan wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali.

Wasiƙar da ta fi kowace tayar da ƙura a tarihin wannan ƙasa ita ce wadda Lugga ya ce ya samu daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a watan Mayu na 1902. A fassarar Ingilishi da ya bayar, Sarkin Musulmi ya ƙi duk wata hulɗa da Turawa in ba yaƙi ba. Lugga ya riƙe wannan takarda a matsayin hujja a gaban gwamnatin Ingila. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na wannan shekara. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji a kan hanya, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Shekaru sittin bayan haka, D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin Turawa ne, ya nuna shakku a kan wannan wasiƙa a littafinsa na 1964, domin fassara ce ake ta yawo da ita, ba a fito da asalin Larabcin an duba ba. A ra'ayin mai wannan bincike, ko wasiƙar gaskiya ce ko ba gaskiya ba, Turawa sun riga sun ƙudurci cin ƙasar. Amma abin lura shi ne, fassara ba ta ɗauke da hatimi. Da zarar an raba magana da takardar da aka buga wa tambari, to babu sauran hanyar da za a bi a koma ga mai ita. Sauran wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, ba su sami irin wannan tuhuma ba, saboda an san inda aka samo su.

3.3 Zamanin Dangwale

Mulkin Turawa ya sauko da takarda daga fada zuwa ƙauye. Rasit na haraji da na jangali, da sammaci, da takardar cinikin gona, duk sun shiga rayuwar talaka wanda bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Maganin da aka samo shi ne dangwale, wato a shafa wa babban yatsa tawada a danna a gindin takarda. An kuma yi dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa mai rubuta wa wani takarda ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa ya karanta wa mai ita abin da ke ciki kafin ya dangwala.

Har yanzu a Gwangwan da sauran gundumomin Rogo, irin su Zarewa da Fulatan da Ɓeli, in za a sayar da gona ko a jinginar da ita, mai sayarwa da mai saye da shaidu suna sa hannu ko su dangwala, mai unguwa da dagaci su tabbatar. Dangwale ya fi hatimi ta fuska guda, domin ba a aron yatsa kuma ba ya faɗawa rijiya. Sai dai a gaskiya ba kasafai ake samun wanda zai iya gwada zanen yatsa a ƙauye ba. Abin da yake riƙe da takardar shi ne shaidun da suka ga an dangwala. In sun mutu, takarda ta yi rauni, kuma yawancin rigingimun gonakin gado daga nan suke farawa.

3.4 Mabuɗi Biyu

Duk waɗannan hanyoyi suna buƙatar takarda ta zahiri. Saƙon da ya bi ta waya kuwa lambobi ne kawai, kuma ana iya kwafe su sau dubu ba a gane na asali. A 1976 wasu masana biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka fito da tunanin mabuɗi biyu. Mutum zai riƙe wata lamba a ɓoye, wato mabuɗin sirri, sannan a lissafo wata lamba daga gare ta, wato mabuɗin fili, wadda zai iya nuna wa kowa. Da na sirri ake sa hannu, da na fili ake tantancewa. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka samar da tsarin RSA wanda ya aiwatar da wannan tunani. Sai a 1997 gwamnatin Ingila ta bayyana cewa ma'aikatan hukumar leƙen asirinta, James Ellis da Clifford Cocks, sun riga kowa gano hanyar a farkon shekarun 1970, amma aka hana su faɗa.

A 1985 Neal Koblitz da Victor Miller, kowa da kansa, suka nuna cewa za a iya gina wannan tsari a kan lissafin wani lanƙwasasshen layi, wanda zai ba da gajerun mabuɗai masu ƙarfi. Daga nan aka sami hanyar sa hannu da ake kira ECDSA, wadda Scott Vanstone ya gabatar a 1992, gwamnatin Amurka kuma ta amince da ita a 2000. Ita ce wanda ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya ɗauka lokacin da ya fitar da takardarsa ranar 31 ga Oktoba 2008, ya kuma kunna Bitcoin ranar 3 ga Janairu 2009. Abin da ake kira bulokcen ba komai ba ne illa kundin ciniki wanda dubban kwamfutoci suke riƙe da kwafensa, kowane shafi an ƙulla shi da na bayansa kamar sarƙa, ta yadda ba a iya goge abin da ya shige. Wato dai ofishin Mu'awiya ne, amma ba a hannun sarki guda ba.

3.5 Yadda ake Ciro Mabuɗin Mai Aike

A nan ya zama dole a ɗan taɓa lissafi, ko da yake ba fagen ɗalibin harshe ba ne, domin in ba a fahimci wannan gaɓa ba sauran bayanin zai zama kamar tatsuniya.

Layin da Bitcoin da Ethereum suke amfani da shi sunansa secp256k1, kuma ƙa'idarsa ita ce y² = x³ + 7. A kan wannan layi akwai wani ɗigo da kowa ya amince da shi a matsayin mafari, ana kiran sa G. Mabuɗin sirri, wanda za a kira d, lamba ce da tsawonta kan kai alƙaluma 77 ko 78. In aka tashi daga G aka yi tsalle sau d bisa wata ƙa'ida, inda aka dira shi ne mabuɗin fili, wato Q. Kwamfuta tana lissafa wurin dirar cikin ƙiftawar ido, amma wanda aka nuna wa wurin dirar ba shi da hanyar sanin yawan tsallen da aka yi. An daka gero ya zama gari, ba a mayar da shi tsaba.

In mutum zai tura kuɗi, manhajar wayarsa tana tattara bayanin cinikin, wato wa za a ba da nawa za a ba shi, ta dunƙule shi ya zama lamba guda, z. Ko ɗigo ɗaya aka sauya a bayanin, z za ta sauya gaba ɗaya. Sai manhajar ta zaɓi wata lambar sirri ta amfani sau ɗaya, k, ta yi tsalle sau k daga G ta dira a wani ɗigo, R. Matsayin wannan ɗigo ta kwance shi ake kira r. Daga nan sai ta haɗa z da r da d da k ta fitar da s, bisa ƙa'idar s = (z + rd) ÷ k. Waɗannan lambobi biyu, r da s, su ne sa hannun. A lura cewa bayanin cinikin yana cikin sa hannun kansa, don haka dabarar mutumin da ya mayar da dubu 100 dubu 200 ba za ta yi aiki a nan ba.

To, in aka juya wannan ƙa'ida, za a ga cewa Q = (sR − zG) ÷ r. Duk wanda ya ga cinikin a kundi ya san r da s, zai iya lissafa z da kansa, G kuma sananne ne. Abin da ya rage masa shi ne R. Yana da matsayinsa ta kwance, amma saboda y ninki biyu take a ƙa'idar layin, kowane matsayi na kwance yana da ɗigo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Saboda haka ake ƙara wata 'yar alama, v, wadda take faɗin wanne ne daga cikin biyun. Da an samu R, mabuɗin fili na mai aike ya fito. Kamfanin Certicom na Kanada ya rubuta wannan hanya a cikin kundin ƙa'idojinsa na SEC 1, bugun 2009.

Bitcoin bai dogara da wannan dabara ba wajen ciniki. A cinikin farko da aka yi tsakanin mutum biyu, ranar 12 ga Janairu 2009, lokacin da Satoshi ya tura wa Hal Finney Bitcoin 10 a shafi na 170, mabuɗan fili a bayyane suke a kundi. A tsarin da ya yaɗu daga baya ana ɓoye mabuɗin a bayan adireshi, amma ranar da mai shi zai kashe kuɗin dole ya fito da shi tare da sa hannunsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ethereum ne, wanda Vitalik Buterin ya tsara a 2013, Gavin Wood ya rubuta ƙa'idojinsa a 2014, aka kuma buɗe shi ranar 30 ga Yuli 2015, ya gina komai a kan ciro mabuɗi. A cinikin Ethereum da aka sa wa hannu babu gurbin sunan mai aike ko kaɗan. Kowace kwamfuta da ta karɓi cinikin ita za ta lissafo mabuɗin daga v da r da s, ta dunƙule shi, ta ɗauki bayit 20 na ƙarshe, wannan shi ne adireshin wanda za a cire wa kuɗi. Ribar hakan ita ce ragin wuri, domin maimakon a aika da mabuɗi mai bayit 33 ko 65 a kowane ciniki, 'yar alama guda ta wadatar. Tsarin Tron, wanda 'yan kasuwar Nijeriya da yawa suke tura dalar USDT ta kansa, shi ma haka yake aiki.

Akwai wani abu a nan da ya bambanta da duk abin da aka sani a zamanin hatimi. In wani ya sauya adadin kuɗi a hanya, lissafin ba zai tsaya ya ce ƙarya ne ba. Zai ci gaba ya fitar da wani mabuɗi dabam, da wani adireshi dabam wanda ba na kowa ba ne kuma babu ko kwabo a cikinsa, sai cinikin ya faɗi da kansa. Kamar a ce ɓarawo ya goge kalma guda a wasiƙar Sarkin Kano, sai hatimin da ke sama ya rikiɗe ya koma sunan wani mutum da ba a taɓa haifa ba.

Ita ma alamar v tana da nata tarihin. Da farko 27 ce ko 28. A watan Yuli na 2016 Ethereum ya rabe gida biyu sakamakon wata babbar sata, sai ya zama cinikin da aka sa wa hannu a gida ɗaya ana iya ɗaukarsa a maimaita a ɗaya gidan. A watan Nuwamba na wannan shekara aka shigar da lambar gida cikin abin da ake sa wa hannu, v ta koma 37 ko 38 a babban gidan. Sabon salon sa hannu da Bitcoin ya ƙara a 2021 kuwa ba a iya ciro mabuɗi daga cikinsa, domin mabuɗin yana cikin abin da ake dunƙulewa tun farko.

3.6 Inda Tsarin ya Nuna Rauni

Ciro mabuɗin fili ba ya ba kowa ikon taɓa kuɗin mutum. Haɗarin yana ga lambar nan k. In aka yi amfani da k guda a sa hannu biyu, ɗalibin sakandare mai ƙoƙari zai iya lissafo mabuɗin sirri daga ƙa'idojin biyu. A watan Disamba na 2010 aka bayyana cewa kamfanin Sony ya yi wannan kuskure a na'urar wasa ta PlayStation 3. A watan Agusta na 2013 kuma aka gano cewa wayoyin Android suna maimaita lambobin da ya kamata su zama sababbi, aka kwashe wa wasu mutane Bitcoin ta wannan kafa. Akwai kuma fargabar da ta samo asali daga aikin Peter Shor na 1994, wanda ya nuna cewa in aka ƙera babbar kwamfutar kwantam za ta iya mayar da garin nan tsaba. In hakan ta faru, waɗanda mabuɗansu na fili suka riga suka bayyana su za a fara taɓawa, wato duk wanda ya taɓa tura ko sau ɗaya a Ethereum. Saboda wannan ne hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta fitar da sababbin hanyoyin sa hannu a watan Agusta na 2024.

Shari'ar da ta fi kama da rikicin hatimi ita ce ta Craig Wright, mutumin Ostireliya da ya fito a watan Mayu na 2016 ya ce shi ne Satoshi. Hujjar da ake buƙata mai sauƙi ce, wato ya sa hannu a kan sabon saƙo da mabuɗin shafukan farko. Abin da ya nuna wa duniya kuwa, cikin 'yan sa'o'i aka gane cewa tsohon sa hannu ne da aka kwafo daga wani ciniki na 2009 wanda kowa yake iya gani a kundi. Ya yanko hatimi ne daga tsohuwar wasiƙa ya liƙa a sabuwa. A 2020 aka fitar da wani saƙo mai ƙaryata shi, wanda aka sa wa hannu da mabuɗan adireshi 145 daga cikin waɗanda ya ce nasa ne. A watan Maris na 2024 Mai Shari'a Mellor na Babbar Kotun Landan ya yanke hukunci cewa Wright ba shi ne Satoshi ba. Amma a lura, har a wannan shari'a sai da kotu ta saurari shaidu ta binciki takardu. Da a ce ma ya sa hannun daidai, abin da zai tabbata shi ne mabuɗin yana hannunsa, ba lalle shi ya ƙirƙire shi ba.

3.7 Shigowar Tsarin Nijeriya da Yankin Rogo

Babban Bankin Nijeriya ya gargaɗi bankuna a kan kuɗin intanet a watan Janairu na 2017, sannan ranar 5 ga Fabrairu 2021 ya hana su hulɗa da masu cinikinsa. Hanin bai kashe kasuwar ba, sai ya mayar da ita ciniki tsakanin mutum da mutum, wannan ya tura naira ta banki, wancan ya tura dalar intanet ta waya. Bankin ya fito da nasa kuɗin, eNaira, ranar 25 ga Oktoba 2021, ya kuma janye hanin a watan Disamba na 2023. Kamfanin Chainalysis ya sanya Nijeriya ta biyu a duniya wajen karɓar wannan kuɗi a 2023 da 2024. Ta fuskar doka, Dokar Shaida ta 2011 ta karɓi bayanan kwamfuta a sashe na 84 da sa hannun lantarki a sashe na 93, aka faɗaɗa ta a 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. A ƙasar Kano yawancin samari sun shigo ne ta hanyar abin da suke kira mainin, musamman Pi da wasannin danna waya da suka yi tashe a 2024, kafin wasunsu su wuce zuwa ciniki na sosai.

A ɗauka wani manomin masara a Gwangwan ya sayar wa wani ɗan kasuwa buhuna, aka yi alkawarin biya da USDT ta wayar ɗansa. Daga baya manomi ya ce ba a biya ba, ɗan kasuwa ya ce ya biya. In magana ta je gaban dagaci, ko ta wuce zuwa hakimi a Rogo ko fadar Karaye, wadda dokar watan Yuli na 2024 ta bar wa ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, abin da za a fara nunawa shi ne hoton allon waya. Wannan hoto daidai yake da fassarar Lugga, magana ce da aka raba da hatiminta, kuma yaro mai wayo yana iya ƙirƙirarsa. Abin da ya kamata a nema shi ne lambar cinikin, a duba ta a kundi. Daga nan za a ga adireshin da kuɗi ya fita, da wanda ya shiga, da adadi, da lokaci, kuma babu mai iya musun waɗannan. In ɗan kasuwa ya ce adireshin farko nasa ne, ana iya rubuta sabon saƙo a gaban shaidu a ce ya sa masa hannu da wayarsa, a ciro mabuɗi a gwada.

Sai dai akwai inda wannan hanya take tsayawa. Da yawa daga cikin masu wannan ciniki kuɗinsu yana ajiye ne a hannun manyan kamfanonin canji, don haka sa hannun da ke kundi na kamfani ne, ba na ɗan kasuwa ba, sai an nemi kamfanin ya fito da nasa littafin. Haka nan a ƙauye waya guda takan yi wa gida guda aiki, kuma kalmomin sirri 12 da ake farfaɗo da asusu da su galibi wanda ya iya boko ne ya rubuta wa mai asusun su, wani lokaci ma shi yake ajiye da takardar. In ɗan manomi ya ce adireshin da kuɗi ya shiga ba nasa ba ne, na abokinsa ne da ya buɗe masa asusu, kundi ba shi da abin cewa. A nan dagaci zai koma ga tambayar da magabatansa suke yi a kan takardar gona, wato su wa suke wurin lokacin da aka ba da adireshin, kuma daga bakin wa aka karɓe shi.